Kwiɓin Corolla: Yadda Gyaran Gefe Ɗaya Ya Ci Naira 508,000

Cikin watan Nuwamban 2024 ne, da la'asar sakaliya, ina tsaye a cunkoso a kan titin Zariya a Kano. Wata a-kori-kura ɗauke da rodi tana hannuna na hagu. Direban ya ga 'yar kafa ya sha kwana da sauri, sai jelar rodin da ta zarto daga bayansa ta waiwayo ta sami motata. Ƙarar da na ji kamar an ja kwanon rufi a kan siminti.

Motar Toyota Corolla ce ƙirar 2010, 'yar Amurka, ruwan azurfa. Da na fito na duba, rodin ya shiga daga gefen fitilar baya ya yage ƙarfen kamar tsumma har zuwa murfin tankin mai. Kusurwar bodin a-kori-kurar kuma ta danne leɓen da ke saman tayar baya ya yamutse ciki. Fitila ta fashe, kunnen bamba ya ɓalle. Amma ƙofa tana buɗewa tana rufuwa, taya ba ta gogar komai, mota tana tafiya sumul. Shi ya sa hankalina bai tashi sosai ba. Shekara biyu kafin nan an taɓa bugar mini madigadin gaba, kuma ina zaune a kan benci ina shan shayi aka kwance shi aka ɗaura wani. A raina na ce wannan ma haka za a yi.

Na yi kuskure, kuma kusan duk mai mota da bai taɓa shiga wannan matsalar ba irin kuskuren da zai yi ke nan.

Gaba da noti, baya da walda

Madigadin gaba da noti aka ɗaure shi. Bonet, ƙofofi da murfin but duk haka suke, yaron gareji da sifana lamba 10 da 12 zai sauke su. Kwiɓin baya kuwa, wanda wasu masu sana'ar ke ce wa fendar baya wasu kuma kwata, ba a ɗaure yake ba. Ƙananan motoci irin Corolla ba su da wani casis daban da aka ɗora bodi a kansa kamar na Hilux. Bodin shi ne ƙashin motar. Kwiɓin nan fata ce guda ɗaya da ta taso daga dokin ƙofar baya, ta zagaya saman taya, ta hau ginshiƙin da ke gefen gilashin baya har ta haɗe da rufi. A kamfani an haɗa ta da ƙarfen ciki da waldar ɗigo: injin yana matse faranti biyu, wuta ta ratsa, su narke su manne a wuri ɗaya da bai fi ƙwayar wake ba. Irin wannan ɗigon ne jere a bakin ƙofa ƙarƙashin roba, da bakin gilashi, da bakin but, da mazaunin fitila. In ka zare robar ƙofar motarka za ka gan su kamar sawun yatsa a jikin tuwo.

Fanal bitan da na kai wa motar, wanda ake ce wa Oga, dattijo ne, mai ƙarancin magana. Ya zagaya ta sau biyu, ya sa hannu ta cikin but ya shafa bayan ƙarfen, sannan ya ce, "Alhaji, lotsawa ana bugawa. Wannan yagewa ce, kuma ƙarfen ya miƙe. In na buga shi zai dawo, amma ba zai dawo da tsawonsa na da ba." Abin da yake nufi shi ne faranti in ya sha duka irin wannan yana ƙara faɗi ya yi siriri, kuma kaurinsa tun asali bai kai milimita ɗaya ba. Ko an miƙar da shi sai ya riƙa yin ɓal-ɓal kamar gwangwanin madara in an danna.

Hanya uku ya shimfiɗa mini. Ta farko, a ja ƙarfen da wuta da guduma, a ɗinke yagewar da waldar gas, a cike sauran da fila, wato ƙullin da ake shafawa ya daskare a jikin ƙarfe, a fesa fenti. Kwana huɗu, Naira 110,000 har da fentin. Ta biyu, a samo kwiɓin wata Corolla da aka yanka, a cire nawa a dasa shi. Ta uku, a yi odar sabuwar fata ta kamfani. Wannan ta ukun ba mu daɗe a kanta ba. Tun da aka saki Naira a watan Yunin 2023, dala ta tashi daga wajen 460 ta haura 1,500, duk abin da sai an yi odarsa daga waje ya fi ƙarfin motar da ta shekara 14. Akwai sababbin fatu na kasuwa waɗanda ake ce wa Taiwan, amma ya ce bai yarda da zaman layinsu ba, wahalar daidaita su da ƙofa ta fi rangwamen da ke cikinsu.

A nan rigimar biyan kuɗi ta shigo. Direban a-kori-kurar yaro ne, ba motarsa ba ce, tun a bakin titi yake ta "Baba, ka yi haƙuri, tsautsayi ne." Washegari mai motar ya zo da wani dattijon unguwarsu. Na tambayi inshora. Tun Janairun 2023 hukumar NAICOM mai kula da inshora ta mayar da kuɗin inshorar ɓangare na uku, wadda ke biyan ɓarnar da ka yi wa wani, ta ƙaramar motar gida Naira 15,000 a shekara daga 5,000, kuma tana ɗaukar ɓarnar dukiya har Naira miliyan 3. Motocin kaya ma suna da tasu. A takarda, irin wannan ɓarnar ce aka yi ta dominta. Sai dai takardar da suka nuna mini wa'adinta ya ƙare tun watanni baya. Aka koma sulhu irin namu. Mai motar ya ce shi ya yarda ya biya gyara, amma gyaran da ya sani shi ne bugu da fila, yana ma da fanal bitansa da zai yi a ƙasa da haka. Ni kuma na ce motata ba ta da fila a jikinta kafin jiya. Dattijon ya raba gardama: za su ba da Naira 150,000 a biya biyu, in ina son dashe in cika sauran daga aljihuna. Na karɓa, don na san in na ƙi, a zaman sulhu na gaba ni zan koma mai laifi.

Me ya sa ban ɗauki hanyar farko na riƙe canjin dubu 40 ba? Na taɓa ganin ƙarshenta a motar maƙwabcina. Fila an yi ta ne don shafe 'yan ƙananan ramuka, kaurin da bai wuce milimita 3 ba. In aka yi yaɓe da ita kamar ginin ƙasa, zafin Kano na watan Afrilu yana buɗa ƙarfe da rana ya tsuke da dare, ita kuma ba ta bin sa daidai. Sai tsaga ta fito, ruwa ya shiga, tsatsa ta ci ta ƙasa, wata rana a faɗa rami ɓangare guda ya ɓanɓaro. Ga kuma dillalai, da ɗan maganaɗisu a aljihu suke yawo. Inda bai kama ba sun san yaɓe ne, kuma abin da za su zabge daga kuɗin mota ya fi abin da ka tsira da shi a gareji.

Sayen ƙarfe

Mun je kasuwar kayan mota ta Ƙofar Ruwa da babban yaron Oga. Ba ka cewa a ba ka kwiɓi kamar yadda za ka ce a ba ka ƙofa. Rabin mota ake nuna maka, irin waɗanda ake shigowa da su a yanke daga waje, kai ka nuna inda za a yanka. Yaron ya zo da alli. Ya ja layi can sama a kan ginshiƙi, ya wuce inda muke buƙata da kusan taƙi guda, haka ma a dokin ƙofa. Mai kayan ya yi ƙorafi cewa muna ɓata masa rufi, yaron ya ce abin da ya yi yawa ana ragewa, wanda ya gaza ba a ƙara shi. Mun duba uku kafin mu ɗauka. Na farko maganaɗisu ya ƙi kama saman tayarsa. Na biyu leɓensa ya yi tsatsa ta ciki, alamar motar ta fito daga yankin da ake zuba gishiri a titi lokacin ƙanƙara. Na uku baƙi ne, ba launin motata ba, amma lafiyayye. Naira 135,000, da fitilar baya 38,000 a shago na gaba, da dako 6,000.

Abin da ban gane ba sai da aka fara aiki shi ne na hannu ya fi sabo cin lokaci. Sabuwar fata ita kaɗai take zuwa. Wanda aka yanko kuwa yana zuwa manne da ƙarfen cikinsa, don haka aikin fiɗa sau biyu ake yi: a raba fatar motata da ƙashinta ba tare da an ɓata ƙashin ba, a kuma raba fatar da aka sayo da nata ƙashin ba tare da an ɓata fatar ba.

Cinikin da na yi

Oga ya ce aikin hannunsa Naira 150,000. Na ji abin ya yi mini nauyi. Mafi ƙarancin albashi da aka sa wa hannu a Yulin shekarar Naira 70,000 ne, ga mutum yana neman ninkinsa biyu da ɗoriya a kan gefe ɗaya na mota. Mai ƙarfe ban iya rage masa komai ba sai dubu biyar, mai fitila ko sisi. Duk haushin sai na sauke shi a kan wanda ba ya nuna mini rasit ɗin dala. Na tsaya a 115,000. Ya yi shiru, ya goge hannunsa da tsumma, ya ce, "To Alhaji, za a yi. Amma abin da ka rage, a jikin motar za a cire shi." Na ɗauka irin maganar 'yan kasuwa ce. Na ma ji daɗi cewa na iya ciniki.

Kwana biyu na farko ba a taɓa wuta ba. An cire bamba, fitila, kujerar baya, bel, katifun but, rufin ginshiƙi, an saki gefen silin. An cire kan batir, saboda waldar lantarki tana iya ƙona ƙwaƙwalwar mota, kuma wannan ƙirar tana da jakar iska da ta bi ta saman ƙofofi har kusa da inda za a yanka. Tunda ɓarnar a hagu take, inda bakin tanki yake, sai da aka kwance bututun mai aka toshe, aka lulluɓe wurin da jiƙaƙƙen buhu. Gilashin baya da gam aka manne shi, kuma bakinsa yana zaune a kan fatar da za a cire. Wani mutum daban aka kira, mai wannan aikin kaɗai, ya zare shi da siririyar waya. Ya gaya mini tun farko cewa in ya fashe ba ruwansa. Na tsaya ina kallonsa ina salati a zuci har ya gama. Cirewa da mayarwa da sabon gam Naira 22,000.

Sannan aka shiga huda ɗigo. Yaro ɗaya yana gurza fenti don su bayyana, Oga yana bi da injin huji, kowane ɗigo sai ya ci farantin sama ya tsaya kafin ya taɓa na ƙasa. Da kunne da hannu yake gane ya kai. Na ƙirga sama da 50 kafin na gaji na bari. Wuta ba ta tsayawa, janareta ne ke aiki, litar mai kuma ta haura Naira 1,000 a lokacin. Mai da gas da wayar walda da faifan yanka da bakin huji biyu da suka karye, ni na saya, Naira 34,000.

A rana ta biyar aka ɗora sabon kwiɓin, aka riƙe shi da matsi da 'yan sukurori, ba walda. Nan ne na ga abin da nake biya. Aka mayar da fitila, aka rufe ƙofa, aka rufe but, Oga ya tsuguna yana bin tazarar da ke tsakaninsu da yatsa. Ya ce a sauke. Ya rage ƙarfe kamar kaurin farce a kan ginshiƙi. Aka mayar. Ya sake cewa a sauke. Sau huɗu aka yi haka, yini guda cur, kuma in ka zo wucewa za ka rantse ba a yin komai a motar. Ya ce mini in aka yi walda tazara ta karkace, har motar ta mutu ƙofar za ta riƙa kukan iska a kan hanya.

Dalilin da ya sa tun farko na zaɓi garejinsa shi ne yana da injin waldar waya mai gas, wanda ake ce wa MIG. Yawancin garejinmu da waldar kabaid suke aiki, harshen wuta da sandar ƙarfe. Tana da amfaninta, amma a kan faranti siriri tana zafafa wuri mai faɗi, ƙarfe ya murɗe, ta kuma ƙone rufin da kamfani ya yi masa don hana tsatsa. Shi kuwa kowane rami da aka huda ya cike shi da ɗigon walda, ya maye gurbin na kamfani. A mahaɗar ginshiƙi da ta dokin ƙofa ya sa ƙyallen ƙarfe ta ƙasa, ya riƙa ɗiga walda nan, ya tsallaka can, ya jira ta huce, ya dawo, har layin ya haɗe. Da aka gurje, sai ka shafa da hannu kafin ka san akwai mahaɗa. Fila ɗin da aka sa bai kai cikin cokali uku ba.

Fenti ya ci kwana uku da Naira 95,000. Lambar launin tana kan takardar da ke manne a bakin ƙofar direba, tawa 1F7. Amma lambar tana ba ka launin motar ranar da ta fito daga kamfani ne, ba bayan ta sha ranar shekara 14 ba. Ruwan azurfa kuma mugun launi ne, ƙyalƙyalin cikinsa yana sauyawa da yadda mai fesawa ya riƙe bindiga. Don haka bai tsaya a kwiɓin ba, ya shigar da launin cikin rabin ƙofar baya ya ɓatar da shi a hankali, sannan ya rufe duka da kiliya, wato fentin sheƙi marar launi. Ga hunturu ya shigo, ƙura ko'ina, dole aka kai ta oban, rufaffen ɗakin fesa fenti. Mai liƙin roba ya gyara kunnen bamba a 15,000.

Ranar da na karɓi mota kwana 13 ke nan da ajiye ta. Na zauna na tara: ƙarfe 135,000, dako 6,000, fitila 38,000, gilashi 22,000, aikin Oga 115,000, kayan aiki da mai 34,000, fenti 95,000, bamba 15,000. Jimla Naira 460,000. Ƙarfen da na ɗauka shi ne gyaran bai kai kashi ɗaya cikin uku ba. Na cire 150,000 na mai a-kori-kura, wanda kashi na biyu bai iso ba sai bayan wata biyu da kiran waya da yawa, saura 310,000 daga aljihuna. Ban sa kuɗin Adaidaita Sahu na kai yara makaranta na mako biyu ba, don uwargida ce ta riƙe wannan lissafin kuma har yau tana tuna mini.

Motar ta yi kyau. Abokan aikina sai da na nuna musu gefen kafin su gane.

Damina

Cikin Agustan 2025, bayan ruwan kwana biyu a jere, na fara jin warin danshi a mota. Na zargi yara da zubar da kunun aya. Da na ɗaga katifar but, ramin da ke bayan tayar hagu cike yake da ruwa, gefensa ya fara ja. Na haska fitilar waya ta ciki na ga bayan waldar tsirara, kowane ɗigo da zoben tsatsa kewaye da shi.

Na koma gareji da zafina. Oga ya leƙa, bai yi mamaki ba. Ya kai ni gefen dama, wanda ba a taɓa ba, ya nuna mini wani abu kamar igiyar roba da aka shafa a kan kowace mahaɗa tun daga kamfani. Wannan gam ɗin ne ke hana ruwan da taya ke watsawa ratsawa tsakanin faranti biyu. A hagu babu shi, sai ta waje inda ido ke gani. Haka firaima, fentin farko mai hana tsatsa da ake shafa wa bayan walda, da man da ake fesawa cikin kogon ginshiƙi da dokin ƙofa. Ya ce, "Alhaji, yini guda ne da kayan dubu ashirin da wani abu. Shi na cire. Na gaya maka."

Ya gaya mini, gaskiya ne, amma a dunƙule. Da ya ce ruwa zai shiga but, da ban rage ko kwabo ba, kuma na faɗa masa haka. Shi ma ya ce da na tambaye shi me zai cire, da ya faɗa. A ganina laifin ya rabu, nasa ya fi nawa kaɗan don shi ya san abin da damina za ta yi. Amma ni na zaɓi wurin da zan matsa, kuma na matsa ne a kan sashe ɗaya tilo na aikin da ba zan iya dubawa ba ranar karɓar mota. Walda ba zai rage ba don sunansa, fenti ba zai rage ba don idona. Abin da ke bayan katifa ne kaɗai ya rage masa.

An sake kwance katifun but da kujera da bamba da tayar hagu. An kankare tsatsar da buroshin ƙarfe, an shafa firaima, an bi mahaɗun da gam ciki da ƙarƙashin taya, an fesa mai a kogon. Kwana biyu, Naira 48,000, kuma wannan karon ban yi ciniki ba. Da aka gama na ce a kawo bokiti. Yaro ya yi ta sheƙa ruwa a gilashi da bakin but da cikin taya, ni ina durƙushe da fitila a ciki, sai da muka ƙarar da jarka uku ban ga ɗigo ba.

Akwai wuri ɗaya da buroshi bai kai ba, can cikin leɓen saman taya inda faranti biyu suka haɗu. Oga ya ce man da aka fesa ya shiga, zai rage wa tsatsar gudu, amma in riƙa dubawa. Duk ranar da na kai wanki nakan tsuguna in shafa wurin da yatsa. Makon jiya na ji wani ɗan ƙurji ƙarƙashin fentin, bai kai ƙwayar gero ba.